Jibi Suna, Ban San Sunanki Ba

Alhamis. Aikin farko: kai wa shugaban biro shafi shida na ƙarshe na fassara kafin ƙarfe takwas. An kai.

Zuwa ga mahaifiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin wadda ta kamaci ɗa ga uwarsa, da roƙon Allah ya sa kina cikin rahamarsa, ina sanar da ke cewa ranar Asabar da ta wuce Allah ya sauki matata Rabi lafiya. Mace aka samu, bayan maza uku. Jibi ne suna. Tun kafin in yi aure na ƙudura cewa 'yar da na fara samu sunanki za ta ci. Sai ranar Lahadi da na zauna in rubuta abin da zan raɗa wa liman, na riƙe alƙalami har tawada ta bushe a bakinsa.

Inna, ban san sunanki ba. Shekarata arba'in da ɗaya.

Ina rubuta wannan a cikin kayen, wato littafin rubutun, da nake tara tarihin Malam mahaifina, kuma na san 'ya'yan jama'arsa za su buɗe shi wata rana su karanta. Su karanta. Amma da ke nake magana, don haka bari in bi abin daki-daki, kamar yadda na saba, ko na gane inda na yi sakaci.

Kin bar ni ina ɗan lakwal, makarantar Anasara. Yanzu ina aikin fassara a wani biro, wato ofis, nan Yamai, shekara ta uku ke nan da Anasara suka miƙa mulki. Watan jiya aka ba ni wani ɗan littafi da Faransanci, wanda wani Ba'amirke mai aikin gina rijiyoyi ya bari, aka ce in taƙaita shi da Hausa don a karanta a rediyo. Labarin wani shugaban addini ne a ƙasarsu, shekaru ɗari da wani abu da suka wuce. Su ƙungiya ce ƙarama cikin Nasara, sauran mutane ba su yarda da su ba. Aka riƙa korarsu daga gari zuwa gari, ana ƙone musu gidaje, har aka kashe wanda ya kafa tafarkin nasu. Sai suka ɗaure kaya suka nufi yamma, wasu da keken shanu, wasu suna jan amalanke da hannuwansu, watanni suna tafiya, sanyi yana cinye musu yatsu. Suka je suka kafa gari kusa da wani tafkin gishiri. Mutumin da littafin yake magana a kansa yana cikin masu ja-gorar ayari. Mai tsanani ne. Idan ya ce a tashi, a tashi, ko da ana cikin haƙa kabari.

Ina fassarawa ina jin kamar na san shi. Har yadda yake tsayawa na ga kamar na sani.

Ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Shafin ƙarshe ne. Mutumin yana da mata da yawa, abin da ya sa shugaban bironmu ya yi ta dariya yana cewa ashe Amirka ma akwai namu. To a wannan shafi an jera matan nan ɗaya bayan ɗaya: sunan kowace, sunan ubanta, garin da aka haife ta, da inda aka binne ta. Ɗaya daga cikinsu a hanya ta mutu, ba ta ga garin ba. Layi guda aka ba ta. Na ce a raina, wannan rowa ce, mace ta ba da ranta a ba ta layi guda. Sai da na dawo gida na buɗe nawa kayen.

Wata bakwai ke nan dattawan zangon da Malam ya kafa suka sa ni rubuta tarihinsa tun yana da sauran numfashi. Na yi aikin da kyau, ko haka na zata. Ina da sunan kowace rijiya da kuka sha ruwanta tun daga ƙauyenmu na ƙasar Tawa har bakin kogi. Ina da sunayen magidanta goma sha tara da suka bi shi, da na huɗun da suka mutu a hanya. Ina da sunan Bazabarmen da ya ba ku fili a Harobanda, ƙetaren kogin Yamai. Har jakin da ya faɗa rami na rubuta. Ke kuwa, a shafi na goma sha ɗaya, da hannuna na rubuta: “A nan iyalin Malam ta rasu.” Ban ga komai a ciki ba sai da Anasara ya nuna mini.

Na ɗauka sunanki yana ajiye a wani wuri, kamar yadda mutum yake ɗauka takardar gidansa tana cikin akwati. Na fara da takarduna na lakwal. Wurin da aka ce sunan uwa, tafintan da ya rubuta ni ya tambaye ni ina ɗan shekara tara, na faɗa masa abin da na sani. Ga shi nan har yau da jar tawada: Inna. Da wannan takarda na ci jarrabawa, da ita aka ɗauke ni aiki.

Ba na ganin laifinki a nan, kuma ban san ko akwai mai laifi ba. Ni ɗan fari ne, ba ki taɓa kiran sunana ba. “Ku ce wa wancan ya zo ya ci tuwo,” haka kike cewa, ina tsaye gabanki. Idan na faɗi na fasa gwiwa, sai ki kalli bango ki kira Gwaggo Larai, ƙanwar Malam, ta zo ta ɗauke ni. Na girma ina zaton ba kya sona. Gwaggo ce ta gaya mini daga baya cewa loma mai nama da nake tararwa a ƙasan akushi ba kuskuren mai rabo ba ce.

Ranar da dogarin sarki ya zo ɗaukar yaran da kumandan Anasara ya ce a kai lakwal, ba ki fito ba. Kina bayan danga kina daka. Har muka wuce kukar bakin gari ina jin taɓaryar, ba ta tsaya ba, ba ta kuma sāke sauti ba. Abin da na riƙe na muryarki ke nan a ranar. Ban sake ganinki ba.

Sauran labarin a bakin mutane na ji. Shekara shida bayan haka Malam ya ce ba zai zauna a ƙasar da ake kwashe 'ya'yan Musulmi a kai makarantar Anasara, a kwashe iyayensu a kai aikin hanya ba. Ya ce ya ga babban ruwa a mafarki, can yamma. Mata da yawa sun yi kuka. Gwaggo ta ce ke ce kika fara ɗaure ƙoranki, saboda kin ji an ce yaran da suka ci jarrabawa yamma aka kai su, wani gari a bakin ruwa. Ba ki ce don ni ba. Cewa kika yi, “Ai ko'ina ƙasar Allah ce.”

Shekaranjiya, Talata, da na tashi aiki na sauka bakin kogi. Bak ɗin, jirgin da ke ƙetarar da mutane, ya lalace, sai na shiga kwalekwalen Hamani, wani Basarke masunci da ya san ni tun ina saurayi. Ya dube ni da takalmin Anasara da kaye a hammata, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, “Mushe, zauna tsakiya. In ka faɗa ruwa, takarda ba ya iyo.” Mushe, haka ake kiran ma'aikacin Anasara a nan. Na yi dariya don kada ya ji kunya.

Na tarar da Gwaggo Larai tana tsince wake a ƙofar ɗakinta a Kirkisoye. Na gaishe ta, na yi mata albishir, ta yi guɗa da 'yar muryar da ta rage mata. Sannan na yi tambayar. Ta ajiye faifan.

“Kai Isuhu, lakwal ɗin nan bai bar maka komai ba? Sunan uwarka kake so in kama in faɗa, a tsakar gida, kaji na ji?”

Na ce mata don jaririyar ne. Ta fara lissafi da yatsu, ina kallon fuskarta tana sauyawa. Ta ce da aka kawo ki Amarya suke ce miki. Da kika haihu suka koma Uwar Yaro. Da aka tafi da ni suka koma Uwar Ɗan Lakwal, kuma ba kya son wannan, amma kina amsawa. Almajirai da mabiya suna cewa Innar Gida. Na ce to danginki fa, da suke zuwa ganinki? Ta ce Kaka suke ce miki, don sunan uwar ubanki kika ci, ba mai iya kama shi a gidanku. Tun kina cikin zanen goyo aka rufe shi.

“To wa ya taɓa kiranta da shi?” na ce.

“Liman, ranar sunanta,” in ji Gwaggo. Ta so ta yi dariya, dariyar ba ta fito ba.

Ita ce ta zauna da ke a rijiyar da kika rasu, kin sani. Ban taɓa tambayarta yadda aka yi ba, ita ma ba ta taɓa farawa ba. Ranar Talata ta fara da kanta. Ta ce ƙafafunki sun kumbura tun kafin ku kai ƙasar Doso, kika ɓoye su da zane har suka tsage. Zazzaɓi ya biyo baya. A wata rijiyar Fulani, kwana huɗu kafin kogi, kika kasa hawa jaki ko an ɗora ki. Dokar Malam ita ce ba a kwana biyu a wuri guda, don gero ya kusa ƙarewa, kuma ana jin labarin mahayan kumandan suna bin sawu. Dattawa suka roƙe shi a ƙara kwana ɗaya. Ya ce dokar da ya yi wa matan wasu ita zai yi wa tasa. Ya bar miki Gwaggo da jaki da goran fura, ya yi addu'a, ya ce a tashi.

Ta ce bai waiwaya ba. Ta ce ke ma ba ki bi shi da kallo ba, kunya ba ta bar ki ba, ko a nan.

Kwana biyu kika yi. Abin da kika tambaya kawai shi ne ko ruwan yana da nisa. Fulani makiyaya ne suka yi miki sutura, suka tambayi Gwaggo sunan mamaciyar don su yi addu'a. Ta ce musu matar yayanta ce.

Da zan tafi ta riƙe mini riga. Ta ce, “Ka zaɓi kowane suna mai kyau, ka ce nata ne, a riƙa ce wa yarinya Inna. Wa zai ƙaryata ka? Duk sun mutu.” Na kwana biyu ina juya wannan shawara, kuma ba zan ɓoye miki ba, ta yi mini daɗi. Da an yi suna lafiya, an ci rago, an ce Mushe Isuhu ya tuna da uwarsa.

Amma ba duk suka mutu ba. Saura mutum ɗaya.

Yau bayan la'asar na sake ƙetarewa. Ba ki ga zangon ba, bari in gaya miki. Gida arba'in ne yanzu, da masallacin ƙasa, da gonakin shinkafa a gangare. Yara suna karatu da ƙarfi har ana ji daga bakin ruwa. Mutane suna cire takalmi tun daga nesa idan za su wuce zauren Malam. Waɗannan duka suna raye ne saboda ya ce a tashi. Na auna wannan sau da yawa, Inna. Da ya tsaya, watakila mahayan su cim muku, watakila yunwa ta kashe yara goma. Watakila kuma babu wasu mahaya, jita-jita ce. Na tambayi mutum shida, uku sun ce sun ga ƙurarsu, uku sun ce ba su gani ba. Na rubuta duka biyun. Ban iya yanke hukunci ba, kuma ina tsoron rashin iyawar nan ragwanci ne da na sa wa rigar adalci.

Yana zaune kan buzunsa, ya jingina da bango. Idonsa ya tafi, jikin ya zama kamar kara. Na durƙusa na gaishe shi. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Ɗan Lakwal yake cewa, dā da zafi, yanzu don sabo. Na jira har masu gaisuwa suka watse. Na ce ina gyara tarihin ne, ina so in tabbatar da waɗanda suka rasu a hanya. Ban iya zuwa kai tsaye ba.

Ya jero su ba tare da tsayawa ba. Kowane da sunan ubansa, da ciwon da ya kashe shi, da itacen da aka binne shi a gindinsa. Huɗu.

Na ce, “Malam, biyar ne.”

Ban taɓa gyara masa magana ba tun da aka haife ni. Ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya daɗe a haka.

Na ce, “Jibi sunan jikarka. Ina so ta ci sunan mahaifiyata. Na roƙe ka don Allah. In ba za ka iya faɗa da ƙarfi ba, ga kunnena.”

Na matsa har ina jin numfashinsa. Na ɗauka kunya ce za ta hana shi, na shirya yadda zan lallashe shi, har da hujjar da zan kawo daga littattafansa. Leɓɓansa suka yi motsi. Suka tsaya. Suka sake motsi. Hannunsa yana lalube a kan buzu kamar mai neman carbin da ya faɗi.

Ya ce, “Waliyyinta ya faɗe shi sau ɗaya, ranar ɗaurin aure. Ni ina can bayan taro, na rufe kai da mayafi. Saurayi ba ya kasa kunne a irin wannan wuri. Ko Hajara ne. Ko Habiba. Akwai wata Hajara a gidansu, ban sani ba ko ita ce ko ƙanwarta.”

Shekara goma sha shida kuka yi tare.

Na so in yi fushi. Na zo da fushina a shirye tun daga kwalekwale, na shekara ashirin da shida. Amma abin da ke gabana tsoho ne da yake lalube a cikin kansa bai samu komai ba, kuma ya san bai samu ba. Na tambaye shi abu ɗaya kawai. Na ce, to idan yana yi miki addu'a, me yake cewa?

Ya ce, “Cewa nake, wadda na bari a rijiya. Allah ya san ta.”

Ya ce kullum, bayan kowace salla. Ban sani ba ko gaskiya ne. Ina ganin gaskiya ne.

A ƙofar zaure ɗaya daga dattawan ya tare ni, ashe yana jin mu. Ya ce, “Mushe, abin da ka rubuta da farko ya isa. Iyalin Malam ta rasu a hanya. Kada ka sa jikoki su riƙa kallonsa da wani ido.” Na ce na ji. Da na dawo gida na soke layin nan na shafi na goma sha ɗaya, na rubuta maganar Malam yadda ya faɗe ta, da bakinsa, ban ƙara ban rage ba. Na rubuta kumburin ƙafar da kwana biyun da tambayarki. Ya cika shafi uku. Za su ji haushi. Watakila su karɓe kayen su ba wani ya sake rubutawa.

Game da yarinyar, ga abin da na yanke, in ban sāke ba kafin jibi, don kin san ni, ko da yake ba ki san ni ba. Ba zan ce mata Hajara ba, ba zan ce Habiba ba. In na yi caca na faɗi, na ba ta sunan ƙanwarki na ce naki ne, na binne ki karo na biyu, kuma wannan karon ni na haƙa. Ba za a ce mata Inna ba. Zan sa mata suna nata, in kira ta da shi a tsakar gida da ƙarfi, in sa 'yan'uwanta su kira ta da shi. Rabi ta ce mutane za su ce ba ni da ta ido. Su ce.

Na ɗauke ta ɗazu da na shigo. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Tana da wani ɗan lanƙwasa a kunnen hagu wanda babu shi a danginmu na wajen Malam, babu shi a dangin Rabi. Na yi ta ƙoƙarin tuna kunnenki, sai na ga kullum da kallabi na san ki, kuma kullum kin juya mini gefe. Ban sani ba ko naki ne. Na fi so in ɗauka naki ne, kuma wannan kaɗai na yarda wa kaina in ɗauka ba tare da shaida ba.

Inna, kin yi tafiyar wata guda da ƙafa a tsage don ki zo kusa da inda nake, ni kuwa ina cikin aji ina haddace sunayen kogunan Faransa. Har yau zan iya jero su. Ki yafe mini. Na yi shekara ashirin ina aikin rubuta sunayen mutane a takarda, ban taɓa tambaya ba sai da kowa ya tsufa.

Allah, kai ka san sunan da aka raɗa mata ranar da ta cika kwana bakwai. Ka kira ta da shi ranar da za ka kira kowa. Ka sanyaya mata ƙafafunta, ka yalwata mata inda take kwance, ka saka wa Fulanin da suka rufe ta. Ka gafarta wa mijinta abin da ya sani da abin da ya manta. Amin.

Ɗanki,
Isuhu

Na gobe, Juma'a:

1. Karɓo ragon daga wajen Alhaji, a ɗaure shi a inuwa.
2. Goro da dabino. Tabarmi daga maƙwabta.
3. Mayar da littafin Ba'amirke biro. A roƙi shugaba kada a cire shafin matan idan za a karanta a rediyo. Ya ce yana da tsawo.
4. Aika Hamani ya ƙetaro da Gwaggo tun da rana, ba ta son ruwa da yamma.
5. Wasiƙa zuwa ga limamin ƙauyensu Inna, ko akwai tsohuwar da ta rage. Gwaggo ta ce ƙauyen ya watse tun shekarar fāra. A rubuta duk da haka.
6. Wanzami.
7. Sunan da za a raɗa wa liman. Na rubuta uku, na soke biyu. Wanda ya rage ba naki ba ne.